Mabuɗin kwantum: lissafin bai yi ƙarya ba, amma akwatin fa?

A watan Maris na 2025 aka buga sakamakon wani gwaji da masanan ƙasar Sin suka yi tare da na jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, inda suka raba mabuɗin sirri tsakanin ƙasashen biyu, nisan kilomita 12,900, ta hanyar wani ɗan ƙaramin tauraron ɗan adam mai suna Jinan-1. Labarin ya zaga sosai, har nan Damagaram ya shigo gurup gurup na ƴan jami'a da masu aikin rezo, kuma duk inda ya shiga da magana ɗaya yake shiga, wai an samo hanyar sadarwa wadda ba mahaluƙin da zai iya yi mata kutse sabida ƙa'idar halitta ce da kanta take gadinta. To wannan maganar ce take damuna, dan gobe wani zai iya shigowa da ita cikin biro na banki ko na ma'aikatar gomnati da takardar farashi a hannu, kuma wanda zai sa hannu bai taɓa jin cewa an sha fasa irin wa'annan na'urori ba, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma masana ne da kansu suka fasa suka rubuta yanda suka yi.

Bari mu fara da abinda ake nufi, dan in ba a gane yanda abin yake aiki ba ba za a gane ta inda ɓarawo yake shiga ba. Duk saƙon da ake ɓoyewa, ko kuɗin da ka tura ta salula ko takardar soja, da mabuɗi ake kulle shi, wato wani dogon jerin 0 da 1 wanda mai aikawa da mai karɓa kaɗai suka sani. Wahalar kullum itace yaya mabuɗin zai je hannun ɗayan ba tare da wani ya gani a hanya ba. Yau da lissafi ake yi, irin su RSA, wanda tsaronsa ya dogara akan cewa kwamfuta zata daɗe ƙwarai kafin ta warware wani lissafi mai wuya. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa in aka samu babbar kwamfutar kwantum, wato mai aiki da ƙa'idojin ƙananan ƙwayoyin halitta irin su ƙwayar haske, wannan lissafin zai zama mai sauƙi. Har yanzu ba a ƙera mai wannan ƙarfin ba, amma tsoron na nan, musamman tunda ana iya kwashe saƙon yau a ajiye a jira ranar da za a iya buɗewa.

Shekara goma kafin Shor, a 1984, Charles Bennett na kamfanin IBM da Gilles Brassard na jami'ar Montreal a Kanada sun kawo wata dabara daban, ita ake kira BB84. Mai aikawa zai dinga harba ƙwayar haske, wato foton, ɗaya bayan ɗaya cikin igiyar fibir optik, kowace ƙwaya da yanda aka juya ta, ko a tsaye ko a kwance, ko a karkace dama ko a karkace hagu. Ma'auni biyu ke nan, na miƙe da na karkace. Mai karɓa bai san da wane ma'auni aka aiko ba, sai ya dinga zaɓa da ka, in ya dace ya samu amsa daidai in bai dace ba abinda ya samu shaci-faɗi ne. Bayan sun gama sai suyi magana a fili kowa na ji, su faɗi ma'aunin da kowa yayi amfani da shi amma banda amsar, duk inda suka saɓa su zubar, kusan rabi ke nan, sauran ya zama ɗanyen mabuɗi. Daɗin abin shine ƙwayar haske ba a iya kwafarta, wannan an tabbatar da shi tun 1982, kuma in ka auna ta da ma'aunin da ba nata ba ka ɓata ta. Dan haka mai laɓe in ya tsaya a tsakiya yana auna kowace ƙwaya yana sake turawa, kashi 25 cikin 100 na mabuɗin zai fito da kuskure, su kuwa zasu ɗebi wani yanki su gwada, in kuskuren ya wuce kusan kashi 11 cikin 100 su watsar da komai su sake. In bai kai ba sai su gyara kurakuran su matse mabuɗin ya gajarce ta yanda ɗan abinda mai laɓe ya tsinta ba zai amfane shi ba.

Wannan lissafin gaskiya ne, ba wanda ya karya shi kuma bana jin za a karya. Amma akwai sharuɗɗa a ƙarƙashinsa wa'anda ba a cika faɗa ba. Lissafin ya ɗauka cewa ƙwaya ɗaya tak ake harbawa kowane lokaci, ya ɗauka ba abinda ke fita daga akwatin mai aikawa sai wannan ƙwayar, ya ɗauka idon na'urar mai karɓa yana gani ne kaman yanda aka rubuta a takarda ko me aka haska masa, ya kuma ɗauka cewa wanda kake magana da shi a ɗayan bakin igiyar shine wanda kake zato. Akwatin da ake saidawa kuwa ƙarfe ne da gilashi da waya da kuran, mutane suka haɗa shi. Tsakanin abinda takarda ta ɗauka da abinda akwatin yake yi da gaske, a nan gizo yake saƙa.

Tun gwajin farko ma abin ya nuna kansa. A 1989 su Bennett suka haɗa na'urar farko, nisan da hasken ya bi santimita 32 ne kacal. Brassard da kansa ya bada labarin cewa abinda ke baiwa masu juya hasken kuran yana yin ƙara, kuma ƙarar tana canjawa gwargwadon yanda aka juya ƙwayar, wato wanda ke tsaye a ɗakin da kunnensa kaɗai zai iya sanin abinda ake aikawa ba tare da ya taɓa foton ko ɗaya ba. Duk hare-haren da suka biyo baya ƴaƴan wannan ne.

Ɗauki maganar ƙwaya ɗaya. Na'urar da ke fidda foton ɗaya tak a duk lokacin da aka so tana da wuyar ƙerawa, shiyasa kusan duk akwatunan kasuwa leza ce ake rage mata ƙarfi har ta kusa mutuwa. In aka saita ta yanda matsakaicin kowane harbi zai zama 0.1, cikin harbi 1000 kusan 905 fanko ne, kusan 90 ƙwaya ɗaya, kusan 5 kuma ƙwaya biyu ko fiye, kuma tagwayen nan saƙo iri ɗaya suke ɗauke da shi. A 2000 Brassard da Norbert Lütkenhaus da abokansu suka yi bayanin yanda mai laɓe zai tare masu ƙwaya ɗaya, masu biyu kuma ya zare ɗaya ya ajiye ya bar ɗayar ta wuce lafiya lau, ya jira sai an faɗi ma'auni a fili sannan ya auna tasa, ba kuskure ko ɗaya da zai bayyana. Wannan dai an samo masa magani mai kyau tsakanin 2003 da 2005, ana cakuɗa harbin gaske da harbin tarko masu ƙarfi daban daban, mai laɓe bai iya banbance su, in ya taɓa lissafin adadin da ya iso zai tona shi. Na kawo shi ne dan a ga cewa wasu ramukan ana toshe su da gaske.

Wanda ya fi girgiza mutane shine na 2010, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Masu bincike na jami'ar kimiyya da fasaha ta Trondheim a ƙasar Norwe, cikinsu akwai Lars Lydersen da Vadim Makarov, tare da abokan aikinsu na Erlangen a Jamus, suka ɗauko na'urori biyu da ake saidawa a kasuwa, Clavis2 ta kamfanin ID Quantique da QPN 5505 ta kamfanin MagiQ, suka nuna ana iya mallake idon na'urar mai karɓa gaba ɗaya. Idon nan wani ɗan ƙaramin abu ne da ake ɗora masa kuran har ya ɗan wuce iyakarsa, ta yanda ƙwayar haske ɗaya in ta faɗo sai ta tada ambaliyar kuran a cikinsa, na'ura ta ƙirga ɗaya. To su sai suka haska masa leza a kai a kai ta cikin igiyar, ba ma mai ƙarfi ba, ƙasa da miliwat ɗaya, sai kuran ɗin da ke kansa ya sauka ƙasa da iyakar, daga nan ya daina ganin ƙwaya ɗaya kwata kwata, sai haske mai ƙarfi kaɗai yake ji. Kaman mai gadi ne da dare aka dalle masa ido da tocila, idonsa biyu bai yi barci ba, in ka tambaye shi zai rantse ba wanda ya wuce, amma ba abinda yake gani sai abinda mai tocilar ya so ya gani.

Ga yanda satar take tafiya. Mai laɓe ya yanke igiya ya zauna a tsakiya, ya karɓi ƙwayar da aka aiko ya auna da ma'aunin da ya zaɓa da ka, sai ya turawa mai karɓa dunƙulen haske mai ƙarfi ɗauke da amsar da ya samu, amma ya auna ƙarfin daidai wa daida. In mai karɓa ya zaɓi ma'auni irin na mai laɓe, duk hasken zai zube akan ido ɗaya cikin idanu biyu na na'urarsa ya isa ya tada shi, ya rubuta amsar da mai laɓe ya riga ya sani. In ya zaɓi ɗayan ma'aunin, hasken zai rabu biyu rabi nan rabi can, ba wanda ya isa ya tada ido, shiru kake ji, shi kuwa mai karɓa zai ɗauka ƙwayar ta ɓace ne a hanya tunda dama mafi yawansu ɓacewa suke. Kaga ke nan duk lokacin da na'urarsa ta ƙirga wani abu, to ma'auninsa ɗaya da na ɓarawon, wancan kashi 25 na kuskure da ake taƙama da shi bai taso ba sam. A 2011 aka buga cikakken gwajin da aka yi a jami'ar ƙasa ta Singafo akan igiya mai tsawon mita 290, kayan satar duka cikin akwatin tafiya ɗaya, suka kwashe mabuɗin gaba ɗayansa, na'urorin biyu kuwa suna nuna komai lafiya.

Adalci shine a faɗi cewa masu binciken sun sanar da kamfanonin kafin su buga, kuma masanan Toshiba na Kambirij a Ingila sun maida martani a 2010 cewa in aka haɗa idon yanda ya kamata ana kaucewa wannan makantar. An yi gyara. Amma a 2016 aka gwada ɗaya daga cikin gyare-gyaren, wanda ke canja ƙarfin ganin idon ba zato dan ya kama mai laɓe, aka samu shima ana zagaye shi. A shekarar dai ƙungiyar Makarov ta nuna wani abin da ya fi muni, ana iya turo leza mai ƙarfi ta cikin igiya a ƙone ɗan idon da aka sa yana gadin ƙofar akwatin, na'ura ta ci gaba da aiki ba mai gadi kuma ba wanda ya sani. Wato akwatin da aka gwada jiya aka ce lafiyarsa ƙalau, yau wani daga nesa ya canja masa hali.

Sauran hanyoyin zan bi ta kansu da sauri. Akwai leƙen cikin akwati, mai laɓe ya harba haskensa cikin na'urar mai aikawa ya karanta ɗan abinda ya dawo masa, dan hasken da ya bi ta kan mai juya ƙwayar yana dawowa da alamar yanda aka saita shi, an yi bayanin wannan tun 2001. Akwai wasa da lokaci, tunda idanu biyu na mai karɓa ba sa buɗewa a daidai lokaci ɗaya cif, in ka ɗan jinkirta ƙwayar ko ka gaggauta ta ka san wane ido ne ya fi yiwuwa ya gani, masanan jami'ar Toronto sun gwada shi akan na'urar kasuwa a 2008. Shi kansa idon in ya ƙirga yakan tofar da ɗan haske ya koma cikin igiya. Hukumar tsaron bayanai ta Jamus, BSI, ta fidda littafi guda a ƙarshen 2023 wanda ba komai a ciki sai jerin irin wa'annan hare-hare.

Yanzu mu dawo gida, dan akwai ramin da ya fi duk wa'annan girma a wajenmu kuma shi ba ruwansa da leza. Igiyar fibir tana shanye haske, duk kilomita 15 rabi ya tafi, a kilomita 100 saura kashi 1 cikin 100, a 200 saura ɗaya cikin 10,000. Intanet na yau da kullum ana sa masa abin ƙara ƙarfi a hanya, amma ƙwayar kwantum ba a ƙara mata ƙarfi, dan ƙarawar kwafa ce, kuma rashin kwafuwar nan shine tushen tsaron tun farko. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. In ka miƙa igiya ɗaya ba tsayawa kana harba ƙwaya miliyar ɗaya a kowane sakan, sai ka jira fiye da shekara 30 kafin guda ɗaya ta isa. Dan haka dole a kafa tashoshi a hanya, a ce Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso da wasu a tsakaninsu, kuma a kowace tasha mabuɗin sai an buɗe shi an sake kulle shi da na gaba. A cikin wannan ɗakin ba wani kwantum da ke gadinsa, ƙofa ce da kwaɗo da mutumin da aka baiwa amana, kuma da ɗan gari akan ci gari. Layin da Sin ta buɗe a 2017 tsakanin Beijin da Shangai, fiye da kilomita 2000, tashoshi 32 irin wa'annan gare shi. Tauraron Micius da suka harba a 2016, wanda da shi aka yi hirar bidiyo tsakanin Beijin da Biyana ta ƙasar Ostiriya a 2017, shima tashar amana ce a sama, haka ma Jinan-1 na gwajin Afirka ta Kudu, tauraron ya san mabuɗin, mai tauraron kuma ba kai ba ne. Wannan ne ba a faɗa a cikin saƙonnin da ake ta turawa.

Sannan na'urar bata san wanda ke ɗayan bakin igiyar ba. In wani ya yanke ta ya ajiye akwatuna biyu nasa a tsakiya, ya cewa na Yamai nine na Damagaram ya cewa na Damagaram nine na Yamai, kowane ɓangare zai samu mabuɗi mai tsabta ba kuskure, amma da ɓarawo ya raba. Maganinsa sai dai a fara da wani ɗan mabuɗi da aka riga aka kai hannu da hannu, ko a koma ga sa hannu irin na lissafi. Wanda kuma bai damu da karantawa ba so yake kawai ya tsaida ku, aikinsa ya fi sauƙi, ya ɗan dagula hasken kuskure ya wuce iyaka na'ura ta tsaya da kanta. Ga zafi, idanun nan sai an sanyaya su ƙasa da sifiri sosai, mafi kyawunsu ma sai kusan digiri 270 ƙasa da sifiri, mu kuwa mun san yanda Afirilu take a nan da yanda kuran ke zuwa yana tafiya, kuma in mabuɗi ya daina fitowa tsakar rana ana cikin aiki abinda za a yi shine a koma tsohuwar hanya dan kar aiki ya tsaya, mai laɓe kuwa abinda yake jira ke nan.

Sai maganar wanda ya ƙera akwatin. A Fabrairun 2020 aka tona cewa kamfanin Crypto AG na ƙasar Suwis, wanda ya saidawa ƙasashe fiye da 120 na'urorin ɓoye saƙo, a 1970 CIA ta Amurka da hukumar leƙen asirin Jamus ta Yamma suka saye shi a ɓoye. Wannan ba na'urar kwantum ba ce, amma darasin ya shafe ta kai tsaye, akwatin da baka iya buɗewa ka bincika ba, tsaronsa bai wuce amanar mai shi ba ko da wace irin kimiyya aka rubuta a jikinsa.

Kar a ɗauka ina cewa aikin banza ne, wallahi ban ga haka ba. An yi amfani da shi a zaɓen Jeneba ta Suwis a 2007, an yi a Durban ta Afirka ta Kudu lokacin kofin duniya na 2010, kuma masana basu zauna ba. A 2012 Hoi-Kwong Lo da Marcos Curty da Bing Qi suka kawo tsarin da duka ɓangarorin biyu ke harba haske zuwa wata tasha a tsakiya, ita ke da idanun, kuma ko ɓarawo ne ke riƙe da ita ba abinda zai samu, wannan ya kashe duk hare-haren ido a lokaci ɗaya, saura na ɓangaren masu harbawa. Wani reshe na wannan dabarar ya kai kilomita 1002 a igiya a 2023, amma a ɗakin gwaji kuma mabuɗin na ɗigowa ne kaɗan kaɗan. Akwai ma tsarin da ba sai ka yarda da cikin akwatin ba, an gwada shi a 2022, a Oksfod nisan mita 2 ne, a Munik mita 400. Hanya ce mai kyau amma da sauran tafiya.

Shiyasa hukumar tsaro ta NSA ta Amurka da takwararta ta Ingila suka ce basu bada shawarar a dogara da shi ba, kuma a Janairun 2024 hukumomin Faransa da Jamus da Holan da Suwidin suka fidda matsaya ɗaya cewa bai nuna ba tukuna, a fara da sabon lissafin da ake ganin kwamfutar kwantum bata iya warwarewa. A Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fidda ƙa'idoji uku na farko na wannan lissafin, shi kuma ba sai an sayi akwati ko an ja sabuwar igiya ba, manhaja ce ake sabuntawa, manhajar aika saƙo ta Signal ta fara tun 2023. Shima ba wai ba a taɓa shi ba, a 2022 masana biyu na jami'ar Leuven a Beljiyam suka rusa ɗaya daga cikin lissafan da NIST ke tantancewa, mai suna SIKE, da kwamfuta ta gida cikin kusan awa ɗaya, shiyasa masu hankali ke haɗa sabon da tsohon tare in ɗaya ya faɗi ɗayan ya riƙe.

A ganina bankunanmu da kamfanonin tura kuɗi da ma'aikatun gomnati nan ya kamata su fara sa ƙarfinsu, su san wane irin kulle suke amfani da shi yanzu da yaushe za a sabunta. In kuma wata rana aka zo da tayin akwatin kwantum, a ce dan haɗa gine-gine biyu a cikin gari ɗaya inda nisan bai kai a buƙaci tasha ba, to akwai ƙa'idar gwaji ta duniya tun 2023, ISO/IEC 23837, a nemi rahoton wani ɗakin gwaji wanda ba na mai saidawa ba, a tambaya ko an haska masa leza an gani, a tambaya me yake yi in kuran ya ɗauke. Kuma ina fatan ɗalibanmu na kimiyya a jami'ar André Salifou su sa ido akan wannan fanni ta ɓangaren gwaji da fasawa, dan kayan da aka makantar da na'urorin nan da su a 2010 ba wasu kayan sirri ba ne, leza ce da igiya da abin auna kuran irin wa'anda ake samu a kasuwar kayan sadarwa, kuma yanda aka yi ɗin a rubuce yake duk mai so zai iya karantawa.